Sabuwar Atamfar Jummai

Duk wanda ya zauna a Nasarawa GRA a shekarun da aka dawo mulkin farar hula, ko da gadi ya yi, ya san ƙarar almakashin Mamman. Kas-kas-kas, daga wannan kan layi zuwa wancan, keken ɗinki na hannu a kafaɗar hagu, jakar buhu a ta dama, shi kuma a tsakiya, siriri, yana sauri sai ka ce an aike shi kiran ungozoma. Babu wanda ya aike shi. Haka Allah ya yi shi, mutum ne da zama yake yi wa ciwo. Ko a masallaci, liman na sallamewa za ka hango shi a bakin ƙofa yana laluben takalmi, addu'ar a hanya yake ƙarasa ta.

Mutumin wani ƙauye ne a gabashin Ringim. Ya shigo Kano yana saurayi, ya samu aikin shara a wata masaƙa ta wajen Dakata, kuma a nan ciwonsa na ƙin zubar da yadi ya samo asali. Kullum da yamma sai ya tara ƙyallayen da inji ya zubar, a ce ya kai bola, ransa ya ƙi. Ya riƙa cusa su a riga yana kaiwa gida, yana harhaɗa su da allura. Da masaƙar ta rufe, abokan aikinsa wasu suka kama acaɓa, wasu suka koma gona. Shi kuwa ya karɓi tsohon keke a hannun wani tela da ido ya gaza, ya saɓa a kafaɗa, ya fito daga Kawaji inda yake haya, bai tsaya ba sai unguwar da katanga ta fi mutane yawa.

Mai hankali zai ce ya yi kuskuren unguwa. Telan yawo abincinsa yana inda ake faci, GRA kuwa ba a faci, zubarwa ake yi. To abin da ya kawo shi ke nan. Labule rana ta ɗan ci gefensa, a yar. Mayafin tebur miya ta ɗiga masa, a yar. Lema ƙarfe ɗaya ya karye, a yar da ita da yadinta lafiya lau. Mamman yakan tsaya a gaban durom ɗin sharar gidajen nan yana girgiza kai, yana tsaki, wani lokacin har yana yi wa masu gidan faɗa su da ba sa jin sa. Kuma a gaskiya faɗan nasa a kan hanya yake. Abin da gida ɗaya yake zubarwa a wata ya isa ya suturta layi guda a Kawaji.

Masu gidajen ba su san sunansa ba. Masu gadi ne suka san shi, da masu dafa abinci, da direbobi, da masu ban ruwan shuka, mutanen Kazaure da Ɗanbatta da Malumfashi waɗanda suke kwana a ɗakunan baya. Lema biyu in ya farke su, ya jera yankunansu kai da ƙafa, sai ga rigar ruwa ta mai gadi har da hula. Buhun fulawa in ya sha wanki da kanwa ya zama shafin riga. Rigar kujerar mota ta koma falmaran ta sanyi. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa, mata suka tashi neman manyan hijabai, sai labulen GRA ya yi daraja. Akwai wata Malama Winifred, 'yar Zariya, mai koyarwa a wata firamare, da yamma kuma tana yi wa 'ya'yan Alhaji Abdulƙadir darasi a gida. Ita ma ta zo ta ce ya yi mata gyale. Ta ce babu wanda ya tilasta mata, so take ta bi titi a ƙyale ta. Ya yi mata da labulen ɗakin cin abincin wani alƙali, har yau in ta gan shi sai ta ce masa tana jin ƙamshin miya a wuyanta.

A ƙofar gidan wannan Alhaji Abdulƙadir ɗin Mamman yake yada zango, in har za a kira tsayuwar rabin awa zango. Akwai darbejiya, akwai bencin Lawan mai gadi, mutumin Gumel, da suka shekara goma suna cin goro ɗaya.

A gida kuwa akwai Jummai. Yadda Mamman ba ya zama, haka ita ba ta tashi. Mace ce mai jiki, mai sanyin rai, tana suyar awara a tsakar gida tana dariya da kowa. Tun da kayan lefenta suka mutu, duk abin da ta ɗaura daga jakar buhun nan ya fito. Shekara ashirin da shida. Ba ta taɓa cewa uffan ba, hasali ma in ya kawo sabon ɗinki sai ta juya a gabansa ta ce, "Malam, yau kuma tagar wa na sa?"

Abin ya lalace ne ranar bikin autarsu Raliya, da aka kai ta Tudun Murtala. Cikin dangin ango da suka zo ɗaukar amarya akwai wata mata da ta taɓa aikatau a GRA. Ta kama gefen zanin Jummai a tsakiyar mata, ta murza, ta ce, "Lah! Wannan ai labulen falon gidan Dakta ne. Ni nake wanke shi." Mata suka kwashe da dariya. Jummai ta fi kowa dariya, ta ce, "Ai kuwa kin iya wanki, ga shi har yanzu bai koɗe ba." Magana ta wuce a wurin mata. Amma Mamman yana soro a lokacin, yana fitar da kujeru, kuma ya ji. Ya ji har cikin ƙashinsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ɗauki kujera ɗaya ya yi ta tafiya da ita har ya wuce gidan da aka aro ta.

A ranar ya yi wa kansa alkawari, bai gaya wa kowa ba: duk ranar da Raliya ta haihu, dangin mijin nan suka zo suna, Jummai sabuwar atamfa za ta sa, wadda ba ta taɓa rataya a tagar kowa ba.

Sai dai alkawari daban, hali daban. Sau uku yana shiga Kantin Kwari. Ya taɓa atamfa, ya ji farashi, ya tuna abin da ake zubarwa a GRA, ya fito yana faɗa. Rabi rashi ne, rabi kuma taurin kai, don mutumin da ya fi shekara ashirin yana tsintar yadi kyauta, sayensa yana yi masa kamar zunubi. Yana cikin wannan jeka-ka-dawo cikin Raliya ya tsufa, ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ranar wata Laraba ta sauka lafiya, namiji. Suna Laraba mai zuwa, kuma taron mata a tsakar gidan Jummai za a yi shi. Mamman ya ƙirga kwanakin a yatsunsa.

Ranar Alhamis ya isa gindin darbejiya a hargitse, sai ya tarar da Lawan yana jan wasu ɗaurin kaya daga gareji.

"Yau ka zo a sa'a," in ji Lawan. "Hajiya ta ce a fitar da su, duk inda za a kai a kai, Alhaji ba ya son ganinsu."

Shekarar zaɓe ce, ta dubu biyu da uku. Alhaji Abdulƙadir ya nemi takarar majalisa, ya sa aka buga masa atamfa ta rabon mata, shuɗiya mai ganye-ganye, da hotonsa a cikin da'ira, ya karkata hula yana murmushi. Aka zo zaɓen fid da gwani aka kayar da shi. Ragowar atamfar ta zauna a gareji, ruwan famfo ya bi ta ƙarƙashinta, ɓera ya yi gida a sama. Mamman ya durƙusa yana tonawa. Na sama ɓera ya ci, na ƙasa sun yi funfuna. A tsakiya ya samu turmi biyu da ko ƙura ba ta taɓa ba, da tambarinsu a manne. Bai ko yi wa Lawan sallama ba.

Jummai ta warware turmin a ɗaki, ta ƙura masa ido.

"Malam, wannan wane ne?"

"Alhaji Abdulƙadir mana."

"To ni zan ɗaura Alhajin mutane a ƙuguna? In zauna a kansa? Kuma in yi salla da shi? A Islamiyya an gaya mana ba a salla da kaya mai hoto. Ka mai da musu abinsu."

"Cire shi zan yi. Ko hularsa ba za ki gani ba. Ke dai shinshina ki ji."

Ta kai hanci don ta rabu da shi. Ƙamshin sabon yadi ya buge ta, wannan ƙamshin na sitaci da rini da ta manta da shi tun tana amarya. Ta sake shinshinawa. Ta sa babban yatsa ta shafa tambarin a hankali. Sannan ta ce, ba ta kalle shi ba, "Kar ka ɓare wannan. Ka bar shi a gefen zanin."

Daga wannan rana Jummai ta canza, kuma Mamman ya ji daɗin canjin, don bai san abin da ya taso ba. Matar da ba ta damu da komai ba, ta fara tambaya. Wane irin wuya zai yi wa rigar? Ɗankwalin zai kai a yi ɗauri mai tsayi? Duk wadda ta shigo barka sai ta ja ta gefe ta raɗa mata cewa Malam ya yi mata sabuwar atamfa, shuɗiya, ranar suna za a gani. Ta ari takalmi a wurin maƙwabciya. Ta sa ranar kitso da ranar lalle. Har ta ce, tana juya awara, "Allah dai ya sa matar nan mai wankin labule ta zo."

A gida babu wurin aiki, ga mai jego, ga ruwan wanka a kan wuta, ga mata na shiga da fita. Don haka a bencin Lawan ya baje. Kowane turmi kan Alhaji goma sha biyu ne a jikinsa. Ranar Juma'a kafin masallaci ya bi na farko da almakashi, yana zagaye da'irar a hankali, har ya fitar da su duka, yadin ya zama tagogi. Sai ya koma turmi na biyu, ya cire nasa kawunan su ma don ya samu fili, ya riƙa yanko ganye-ganyen da za su toshe tagogin na farko. A nan gwanintar take. Ba faci yake so ba, so yake ganye ya haɗu da ganye, jijiya ta bi jijiya, yadda ko matar nan ta murza ba za ta ji gaɓa ba. Irin wannan aikin keke ba ya yin sa. Sai an kafe kowane yanki da allurai kusan ashirin, a bi da hannu, a zare su ɗaya bayan ɗaya.

To ina zai riƙa ajiye allurai masu yawa haka? Ɗan matashin da yake soke su a jiki ya daɗe da fashewa. Ga kuma kawunan Alhaji ashirin da huɗu a gefensa. Zubar da su bai ko zo masa a rai ba. Na farko, sabon yadi ne. Na biyu, ina shi ina jefa fuskar mutumin da yake shan inuwarsa a cikin shara, awaki su taka? Ya ninke ashirin da uku da ladabi ya sa a jaka. Ɗaya kuma ya cusa masa audugar wani tsohon filo, ya juya fuskar ciki don girmamawa, ya ɗinke. Sai dai Alhaji bai yi rowa ba wajen buga atamfarsa, mai kyau ce, irin wadda ba ta da baya. Fuskar ta fito ɓaro-ɓaro ta ɗaya gefen, da murmushinta. Mamman ya gani. Ya ce a ransa in an gama suna zai sake wani. Shi fa idonsa ya daɗe da daina ganin fure ko fuska a jikin yadi, ƙyalle kawai yake gani, mai kauri ko marar kauri.

Kwana huɗu ya yi a kan bencin nan, abin da ba a taɓa gani ba. Zaman dai ba na daɗi ba ne, ƙafarsa na kaɗawa, ya miƙe ya zagaya darbejiya ya dawo, ya ɗaga kai ya duba rana ya yi tsaki. Masu gadin layin suka riƙa leƙowa suna tambaya ko ba shi da lafiya. Lawan yana gefe yana ba shi labarin cikin gida.

"Alhaji fa jiki ya ƙi. Tun da aka kayar da shi bai fita ba. Ciwon kai, ciwon ido, ba ya barci. Kullum mutane na zuwa suna ce masa wannan faɗuwar ba ta Allah da Annabi ba ce, hannu aka sa masa. Jiya ma wani malami ya zo daga Gawuna, ya ce mai abin ba nesa yake ba, yana kusa da ƙofarsa."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Mamman, da allurai uku a bakinsa. Ya zare su ya soke a goshin Alhaji, ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Talata da la'asar zani ya kammala, riga ta kammala, saura kalmasa bakin ɗankwali. Ya ɗaga zanin a rana shi da kansa yana neman gaɓar, sai da ya sa yatsa ya same ta. Daɗi ya cika shi, ya ji kamar ya ruga Kawaji a guje. Malama Winifred ta iso darasi, ta tsaya ta juya rigar ciki da waje, ta ce, "Mamman, wannan ko a kanti albarka. Maman Raliya za ta kashe su gobe."

Daidai nan aka buɗe get, motar Hajiya Uwani, uwargidan Alhaji, ta fito za ta unguwa. Motar ta tsaya, gilashi ya sauka. Ƙofa ce ta kama mata gefen mayafi ya ɗan tsage, ta ce direba ya kira telan nan ya kama mata da allura. Shekara goma tana wuce shi, ranar ce ta fara yi masa magana. Mamman ya taso da rawar jiki, ya durƙusa a gefen motar, "Ranki ya daɗe, yanzun nan." Ya ɗora ɗan matashinsa a kan gwiwa yana zaɓen siririyar allura.

Hajiya ta dubi gwiwarsa. Mijinta ne yake kallonta yana murmushi, allurai sun fi hamsin a fuskarsa, a goshi, a kumatu, biyu a cikin idon dama.

Salatin da ta saka har layin baya an ji shi. Kafin Mamman ya gane abin da ake wa salati, direba ya riƙe masa wuyan riga, masu gadin maƙwabta sun taru, an shiga an fito da Alhaji. Mamman ya jima bai gan shi ido da ido ba. Ya rame, jallabiya ta yi masa yawa, babu hula, babu murmushi. Aka miƙa masa matashin, ya ƙi karɓa da hannu. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya kai yatsa a hankali ya taɓa idonsa na dama.

Direba ya zazzage jakar buhun a ƙasa. Kawuna ashirin da uku suka watse a kan siminti, kowanne an yanke shi daidai wuya.

"Wallahi tallahi, Alhaji, wurin ajiye allura ne," in ji Mamman. "Na rantse da Alƙur'ani. Kaya nake wa iyalina, gobe sunan jikana. Ita ce ta ce ba ta salla da hoto. Ga Lawan nan, a gabansa na yi komai."

Aka juya ga Lawan. Lawan yana da mata biyu da 'ya'ya tara a Gumel, kuma shi ya fito da atamfar daga gareji. Ya dubi ƙasa ya ce shi dai yana ganinsa yana ɗinki, bai lura da mene ne ba. Wani ya ce a kira 'yan Hisba, wani ya ce 'yan sanda, wani ya ce a fara ba shi kashi tukuna. Malama Winifred ce ta kutsa tsakiya, da littattafanta a hannu.

"Alhaji, don Allah ka saurare ni. Mutumin nan ko zare ba ya iya yarwa. Gyalen nan da ke wuyana labule ne, shi ya ɗinka. Wanda zai yi maka asiri zai zo ƙofar gidanka da rana tsaka ya baje shi a benci?"

"Malama, wannan ba darasi ba ne," in ji Hajiya. "Ba ki san kan abin nan ba, ki shiga ciki yara na jiran ki."

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cinye shi, kuma an shafe sati uku ana gaya masa abin da zai gani, ga shi ya gani. Ya ce ba za a taɓa shi ba, ba za a kira kowa ba, ya bar shi da Allah. Amma duk abin da ya fito daga atamfar nan a ƙone shi yanzu a gabansa, da alluran, da jakar. Keken kuma a shiga da shi ciki sai malam ya duba. Kuma kada ya sake ganin ƙafarsa a layin.

Mamman bai roƙi keken ba. Ya rarrafa ya dafe zanin da rigar. "Alhaji, waɗannan babu hoto a jiki. Duba ka gani, ko ɗaya babu. A ƙone sauran, a riƙe keken har abada, a bar mini waɗannan. Ta gaya wa mutane."

"Ji fa," in ji Hajiya. "Yadin da aka sare masa kai goma sha biyu, shi za a ɗaura a yi taro da shi. A karɓe."

Lawan aka sa ya kawo kananzir. Shi ya zuba, shi ya ƙyasta ashana, bai ɗago kai ba har aka gama. Sabuwar atamfa ba ta da wuyar ci.

Mamman ya bar layin kafaɗarsa babu komai, har yana tafiya a karkace don jiki ya saba da nauyi. Bai nufi gida ba. Ya bi ta Gawuna, ya zaga, ya dawo, ya sake zagawa. Ya tsaya a shagon wani tela da ya sani, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga kayan mutane jibge har rufi, ya ce gaisuwa ce ta kawo shi. Ana kiran magariba ya shiga gida. Jummai tana zaune a kan tabarma, an ɗaure mata ƙafafu da lalle, kanta ya sha kitso. Ta dubi hannunsa. Ya ce ya bar kayan a wurin mai guga, da safe zai karɓo. Ƙarya ce ta matsoraci, kuma ya san haka tun kafin ya rufe baki.

Da safe aka raɗa suna a Tudun Murtala, aka raba goro da dabino, aka yi addu'a. Mamman ya dawo da hantsi. Tsakar gida ta cika da tukwane da hayaƙi, maƙwabta na tuƙa tuwo, ana daka, jariri na kuka. Jummai ta yafito shi ɗaki. Ta yi wanka, tana ɗaure da zanin wanka a ƙirji, lallen ya kama ya yi baƙi, takalmin aro yana ajiye a bakin gado.

"Ina kayan?"

Ya gaya mata. A tsaye ya faɗa, yana kallon bango, tun daga matashin har kananzir. Ya jira ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ma ta yi dariyar nan tata, don da ta yi dariya da ya samu sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye. Duk ɗinkinsa ne, duk ya san tagar da kowanne ya fito. Ta zaɓi wani ruwan ƙasa ta shimfiɗa a cinyarta.

"Malam," ta ce, "shekara ashirin da shida ina sa abin da ka kawo mini, wallahi ban taɓa jin kunyarsa ba. Ni ban roƙe ka sabo ba. Kai ka ce in shinshina." Ta shafa yadin da ke cinyarta. "Yanzu ga shi ina kallon kayana, duk sun zama labule."

Ta juya rigar, ta ga hammatar ta ɓarke, ta miƙa masa.

"Kama mini nan. Sun kusa zuwa."

Ya shafa aljihun gaba, ya shafa na gefe, ya cire hula ya duba cikin naɗinta. Tela ne na fiye da shekara ashirin, kuma babu allura ko ɗaya a jikinsa. Jummai ta leƙa ta taga ta kira maƙwabciyar da ta ara mata takalmi, ta ce a taimaka mata da allura da baƙin zare.

"Allura kuma, a gidan tela?" in ji matar daga waje, tana dariya. "Ko sabuwar atamfar ce ba a gama ba?"

Aka miƙo allurar ta taga. Mamman ya lashi bakin zaren ya nufi kafar, ya kuskure, ya sake lasa ya sake kuskurewa. Yana cikin gwadawa ta uku aka yi sallama a soro, muryoyin mata da yawa, da guɗa. Mutanen Tudun Murtala ne suka iso.